Yadda za ka koya wa 'yan SS2 hasashen lissafi da Excel

Malam, in kana koyar da lissafi a sakandare, gwada wannan ko sau ɗaya ne. Ba sai kana da ɗakin kwamfuta ba, waya ɗaya mai Google Sheets ko WPS, manhajojin da ke aiki irin na Excel, ta ishi yara biyar, ko ba wuta za a yi.

Ka ɗauko abin da ya shafe su. Ƙidayar 1991 ta ce mutanen Najeriya kusan miliyan 89 ne, ta 2006 ta ce miliyan 140. Tambayar ita ce, da kashi nawa muke ƙaruwa duk shekara?

A akwatin A2 su rubuta 1991, a B2 su sa 89, can gefe a D1 su sa 0.03 wato kashi 3 cikin ɗari. A A3 su rubuta =A2+1, a B3 kuma =B2*(1+$D$1), sai su haɗa biyun su ja ƙasa har layi na 17 inda 2006 take. Alamar dalar nan don Allah ka tsaya a kanta, don in aka manta ta D1 zamewa yake ya koma D2, D3, akwatunan da ba komai a ciki, sai ka ga lamba ta tsaya cak yara suna ta cewa wayar ce ta lalace. Ni nakan bari su yi kuskuren tukuna, sannan mu taɓa akwatin mu ga abin da ya faru.

Da 0.03 za su samu 138 da ɗoriya, bai kai ba. Kar ka faɗa musu amsa, bar su su yi ta canza D1 suna kallon lambobin na motsi har wani ya faɗa kan 0.031.

Daga nan sai darasin na gaske. A C2 su sake sa 89, amma yanzu ƙarin miliyan 3.4 kawai duk shekara, wato a C3 su rubuta =C2+3.4 su ja ƙasa. Shi ma 140 zai bayar a 2006! To su ja duka biyun har 2026 su zana graf: na C wajen 208, na B wajen 259, na C layi miƙaƙƙe na B yana lanƙwasa sama. Wanne ya fi kama da gaskiya kuma me ya sa? Nan za ka ji gardama ta kaure, wani ya kawo maganar mace-mace, wata ta ce ai mutane na ƙaura, wani ya ce ita kanta ƙidayar an yi jayayya a kanta. Ka rubuta duk a allo, kowane rukuni ya zaɓi ɗaya ya zo da yadda zai shigar da shi lissafin mako mai zuwa.