Ƴan labo masu aikin peptid na kifin teku, kurakuran nan sun ishe ni

Kowace shekara a nan Yamai sai sabbin ƴan masta sun zo da zancen ciro peptid, wato ƙananan gutsattsarin furotin, masu hana oksidasiyo, irin ɓacin nan da iska ke sa mai ya yi, daga furotin ɗin kifin teku, kuma kowace shekara rami guda suke faɗawa. To ƙannena ku saurara.

Na farko kifin kansa. Mu Nijar ba mu da teku, shinshar da makaro ɗin da kuke saye a kwali daga Kwatano ko Lome suke hawowa cikin kamiyo, sun narke sun sake ƙanƙara Allah kaɗai ya san sau nawa. Kifaye ne masu mai, omega 3, kuma man ne ke fara ɓaci. Kana neman abin da ke hana oksidasiyo amma ka fara da naman da ya riga ya sha ta, me kake aunawa kenan? Wani ƙane da muke aiki tare ya taɓa kawo irinsa, cikin ya yi rawaya-rawaya yana warin tsohon mai, bai ce komi ba ya niƙa, muka zuba masa Alcalase ɗin da na daɗe ina jira daga waje, anzim ɗin da ke yanka furotin ya zama peptid, sakamako ya fito ba kai ba gindi, anzim ya ƙare, kuɗi sun tafi, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yanzu da kaina nake tsaga cikin kifin in sansana, in cire fata da baƙin naman gefe, in wanke da ruwan sanyi, in ƙulla ƙananan leda kafin firigo don abin da zan yi aiki da shi kaɗai zan narkar. Wasu da isopropanol suke cire man, ni wanki da santirifij, mashin mai juya tub da gudu ya ware man, sun wadatar da ni.

Sai DPPH, sinadarin da ake auna ƙarfin hana oksidasiyo da shi, wanda in samfuri na da ƙarfi lambar da mashin ke karantawa sauka take yi, haba jama'a! Cikin metanol ake narkar da shi, su kuma peptid ruwa suke so, kana haɗawa wani lokacin sai tub ɗin ya yi hazo-hazo, mashin ya karanta hazon a hasken 517 nm, lambar ta hau, kai kuma ka rubuta wai samfurinka ba shi da ƙarfi, har na ga mai kawo kashi ƙasa da sifili ko kunya babu. Ɗaga tub ɗin ka duba shi a haske da idonka mana. Ka yi tub na samfuri da metanol zalla ka cire lambarsa daga ta haɗin da DPPH, ka bar haɗin cikin duhu minti 30, ba kan tebur bakin taga da ranar Yamai ba. Kuma awo ɗaya ba ya isa, ni sai na ƙara wani awon, ABTS, a 734 nm tunda shi yana tafiya da ruwa.

Pepsin, shi ma anzim ne, pH 2 yake so, wato tsami sosai, da digiri 37, Alcalase wajen pH 8 da digiri 50 zuwa 60, kar ku ba su ɗaki guda. In kun gama ku kashe anzim a wajen digiri 90 minti 10, in ba haka ba yanka yake ci gaba da yi. IC50, wato yawan samfurin da ake buƙata ya kashe rabin DPPH ko ABTS, ƙarami shi ne mai ƙarfi, ba babba ba. Ku sa bitamin C na gwadawa. Ku tace ku ware ƙananan peptid, masu nauyi ƙasa da 3 kDa, yawanci can ƙarfin yake.

Masu rubuta "yana maganin kansa da tsufa" a ƙarshen memuwar, wato kundin gama karatu, kuma, a tub kuka gani, ko ɓera ba ku ba ba, ba ku ma gwada ko peptid ɗin zai tsira daga ruwan ciki ba. Ku goge layin nan tun kafin juri su gani.