Yadda Ake Karanta Naitirojin a Zanen Sinadarin Magani

Idan aka ajiye maka zanen tsarin wani magani, fara da neman harafin N, wato naitirojin, domin mafi yawan magungunan da ake haɗawa suna ɗauke da shi. Sai dai ganinsa kaɗai bai wadatar ba, domin maƙwabcinsa ne zai faɗa maka halinsa.

Duba kabon ɗin da ke riƙe da shi. Idan wannan kabon yana da ɗauri biyu da oksijin, to amid ne a gabanka. Idan kuwa kabon ne kawai mai haidirojin, amin ne. A ganina, wannan bambanci ya fi kowane muhimmanci ga ɗalibi. Amin yana da elektiron biyu da ba su shiga ɗauri ba, da su yake karɓar haidirojin daga asid, ya ɗauki cajin lantarki, ya koma gishiri mai narkewa a ruwa. Shi ya sa a kwalin metfomin, maganin ciwon suga, ake rubuta haidirokulorid bayan sunansa, a na mofin mai kashe zafin ciwo da na kwinin kuma sau da yawa a rubuta salfet. A amid kuwa, oksijin ya janye elektiron ɗin wajensa, saboda haka farasitamol ba ya yin irin wannan gishiri. Ɗaurin amid ne kuma ke jera amino asid iri 20 su zama furotin a jikin mutum.

Gwada hannunka da lidoken, maganin da ake kashe zafin wuri da shi kafin ɗinki ko cire haƙori, domin yana da duka biyun: amid a tsakiya, amin a ƙarshe. Sai amin ɗin ba shi da caji yake iya ratsa fatar jijiyar da ke kai saƙon zafi. Inda wuri ya kumbura ya yi mugunya, asid ya yi yawa, sai mafi yawan maganin ya ɗauki caji ya tsaya a waje, allurar ta ƙi kamawa yadda ya kamata.

Daga nan ƙirga kabon nawa ne ke riƙe da naitirojin ɗin. Idan huɗu ne, cajinsa na dindindin ne, kuma da wuya maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. Neyostigmin, maganin raunin tsoka, misali ne.

A ƙarshe duba ko naitirojin ɗin yana cikin zobe, wato jerin atam da suka haɗe suka yi da'ira. Kafeyin na da naitirojin huɗu a cikin zobensa biyu, adenin da ke cikin DNA kuma na da biyar, huɗu a zobe ɗaya a waje. Kada ka ɗauki kowane ɗayansu a matsayin amin mai karɓar haidirojin daga asid, domin sau da yawa zoben ya riƙe elektiron ɗin. Ka tsaya sosai kan fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Ɗaya daga cikin amid ɗinsa yana cikin zobe mai kusurwa huɗu, matsattse ƙwarai, kuma matsin ne ke sa ya tsinke cikin sauƙi ya manne wa enzayim, wato furotin ɗin da bakteriya ke gina bangonta da shi. Bakteriyar da ke fitar da enzayim mai tsinka wannan zobe tun kafin ya isa, ita ce ke bijire wa maganin.