Sabon gida a Garwa ko Injamena: kurakuran ƙawata ɗaki da kurakuran kai gudummawa

Yawancin sababbin gidajen da ake tarewa a Garwa da Marwa da Injamena don rana ɗaya ake shirya su, ranar walima, da dangi za su shigo su ɗaga kai su ce ma sha Allah, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp. Alhali watan Afrilu ne alƙalin gida a yankin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga shi an ɗauke wuta. Bayansa damina ta zo da danshi da gara da sauro, hunturu kuma ya biyo da ƙurarsa. Kayan da bai iya da waɗannan ba asarar kuɗi ne, kome kyansa a shago.

Kuskuren farko gaggawar fenti. An sa ranar tarewa, magini ya gama yaɓen siminti jiya, yau an kira mai fenti. Sabon yaɓe yana riƙe da ruwa a cikinsa, yana bukatar kamar mako huɗu kafin ya bushe sosai. In aka lulluɓe shi da fentin mai, ruwan ya rasa hanyar fita, sai bango ya yi ta kumbura yana ɓarewa kafin shekara ta zagayo. Gara a tare a ɗakin da ba fenti, a yi haƙuri da bakin mutane. In lokaci ya yi, fentin ruwa mai haske ya fi dacewa da ɗakuna, na mai kuwa a bar shi ga kicin da banɗaki da ƙasan bango inda hannun yara ke kaiwa. Launi mai duhu yana cinye hasken ɗaki, a waje kuma yana jan zafin rana. Fari fat a bangon waje ma ba dabara ba ce, hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi ja. Ruwan ƙasa da ruwan madara sun fi rufa asiri.

Sai rufi. Sau da yawa za ka ga an kashe kuɗi mai yawa kan adon silin ɗin falo da fitilu masu reto, ɗakin kwanan yara kuwa kwano ne tsirara a bisa kansu. Kwanon da ya wuni yana shan rana har tsakar dare yana amayo zafi. Kuɗin fitilar ado guda zai iya sa silin ɗin filawud a ɗaki ɗaya. A bar ƙananan ƙofofin iska tsakanin silin da kwano don zafi ya sami mafita, amma a toshe su da raga, in ba haka ba jemagu su riga masu gida tarewa.

Tagar gilashi mai zamewa ta shiga ran mutane saboda ta yi kama da gidajen da ake gani a waya. Rabinta kawai ke buɗuwa. A gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta yankewa, babu laifi. Mu kuwa a arewacin Kamaru ginshiƙin wutarmu madatsar Lagdo ce, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma a watannin da ruwanta ke ja da baya ne zafi ya fi tsanani, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Don haka taga mai buɗewa gaba ɗaya ta fi, kuma kowane ɗaki ya sami biyu a bango daban-daban, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ragar sauro kuwa kafin labule ake sa ta, ba bayansa ba.

A kan kujeru zan ɗan daɗe, don nan kuɗi ya fi nutsewa. Ana zuwa wurin kafinta a zaɓi saiti mafi girma ba tare da an auna falo ba, ba a ma auna faɗin ƙofar da za a shigar da shi ba. Falo mai mita huɗu kowane gefe a cusa masa kujera mai zaman mutum uku, da mai biyu, da masu ɗaɗɗaya guda biyu, ga teburin gilashi a tsakiya. Daga nan ina za a shimfiɗa ledar cin abinci? Ina baƙuwa za ta yi salla? Mu mutanen zaman ƙasa ne. Goggo in ta zo ba za ta hau kujera ba, ƙafa za ta miƙe a tabarma, tire guda kuma mutum shida za su zagaye. A ɗauki awo da igiya ko tef, a zana wurin kowace kujera a ƙasa da alli, a ga abin da ya rage kafin a ba kafinta ko sisi. Doguwar kujera ɗaya da ƙanana biyu a jingine da bango sun wadatar da yawancin faluka, teburin tsakiya kuma ya zama ƙarami da yaro ma zai iya ɗagawa.

Yadin kujerar ma abin dubawa ne. Fatar roba tana sheƙi a shago, amma zafi yana busar da ita ta tsattsage, a bazara kuma tana manne wa jiki. Karan-miski kuwa ƙura yake sha. A nemi yadi mai ƙarfi, a ɗinka wa matasai riguna masu zif da za a cire a wanke. Haka labule: mai nauyi ninki uku yana toshe iska, kuma wankinsa aikin wuni ne, shi ya sa ba a wankewa. Yadin auduga mara nauyi ya fi, ga mu a ƙasar auduga.

Kafet ɗin da ake mannewa daga bango zuwa bango bai dace da garin da ƙura ke shigowa ko ta ramin makulli ba. Darduma da ake naɗewa a kakkaɓe a tsakar gida ta fi shi, ƙarƙashinta tayil ko siminti mai laushi da ake gogewa da ruwa, wanda shi kansa yana sanyaya ɗaki. Tayil mai santsi kada ya shiga banɗaki da bakin famfon alwala, tsofaffi da masu juna biyu ne ke biyan kuɗin wannan kwalliyar.

Gado da durowar da ake shigowa da su a kwali, yawancinsu garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. Ruwa ya taɓa ƙafarsu sun kumbura, a kwance su sau ɗaya don ƙaura kusoshi sun daina kamawa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga unguwannin Injamena da Kusiri a 2022, da Yagwa a 2024, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai gida a unguwar da ruwa ke kwanciya ya nemi katako na ainihi ko gadon ƙarfe, masu dogayen ƙafafu. Ko ina kake, ka bar tazarar tafin hannu tsakanin kayan katako da bango, don a riƙa ganin hanyar gara tun tana sabuwa. Mutanen Ngaundere, da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000 kuma daminarsu ta fi tamu tsawo, su danshi da fumfuna ne abokan gabarsu, durowar da aka matse a lungu mara iska tufafi za su yi wari a cikinta.

Jere kuwa al'ada ce mai kyau, ba ni da ja a kai. Inda ake wuce gona da iri shi ne cika bango guda da kwanuka da tangaran da ba za a taɓa ci a ciki ba, a kabad mara gilashi, amarya ta wayi gari kullum tana goge ƙura. Wasu ma bashi iyaye ke ci a kansu, ko a kwashe adashin shekara biyu, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Ƙwarya uku masu zane da faifai masu launi a bango sun fi furen roba goma kyau, kuma a kasuwar masu aikin hannu ta Marwa, garin majema da dukawa, ana samun tim-tim na fata da zai shekara ashirin ana zama a kansa. Allon ayoyin Alƙur'ani a rataye shi a wuri mai daraja, ba saman talabijin ko jikin bangon banɗaki ba. A kuma tantance alƙibla tun kafin a kafa gado da masai, daga nan yankin gabas ce mai karkata arewa.

Babban abin da ake mantawa shi ne tsakar gida, alhali nan ake rayuwa. Nan ake girki da wanki da hira, a bazara nan ake kwana. Rumfa mai kyau ta zana ko ta kwano mai tsayi, da dakalin siminti, da randa a inuwa, sun fi falon da ake kullewa sai baƙo ya zo amfani. Kada a malale filin duka da siminti, zafi yake riƙewa, kuma ruwan sama ya rasa inda zai nutse.

Yanzu ga masu kai gudummawa. Ku shiga ɗakin da aka tare mako guda da ya wuce, za ku tarar da kulolin abinci sun yi tsibi, agogon bango huɗu, fulas ɗin shayi kamar za a buɗe shago, amma babu bokiti mai murfi, babu tsintsiya mai kyau, babu igiyar shanya. Kowa ya sayi abin da zai yi kyau a hannu lokacin miƙawa. Maganin abu ne mai sauƙi: a tambaya. In kunya ta hana a tambayi masu gidan, a kira yayar amarya ko ƙanwar maigida: "Adda, don Allah me ya rage a ɗakin nan da ba a samu ba?" Za ta faɗa miki, har ta gode. Ƙawaye biyar da kowacce za ta sayi kula, in suka yi karo-karo sai su sayi tukunyar gas, ko babban duro na ajiye ruwa, ko fanka mai caji da fitilar sola, abubuwan da za a riƙa sa musu albarka a kansu kowane dare.

Kayan wuta suna da tarko. Abin da aka sayo daga Mubi ko Yola ko Kano yakan zo da filogi mai ƙafa uku masu faɗi, soket ɗin gidajen Kamaru kuwa irin na Faransa ne, mai ramuka zagayayyu. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, don haka ɗan mahaɗi mai inganci ya isa, sai dai a haɗo shi da kyautar, kada a bar mutane suna cusa waya tsirara a soket. Na gwanjon da ya fito daga Amurka shi ne mai haɗari, don na wuta 110 ne, tamu kuwa 220, ana jonawa ya ƙone. Firji ko talabijin kuma ba su cika kyauta ba sai da sitabilaiza. A sa rasit a cikin kwalin, ba abin kunya ba ne, in abu ya ƙi aiki da shi za a mayar.

Tukunyar gas ma a bincika. A Kamaru kowane kamfani da tasa, kuma ba ko ina ake karɓar ta wani a musanya ba, don haka a sayi irin wadda ake samu a unguwar da suka koma. A Injamena, inda gwamnati ta hana gawayi tun wajen 2009, ƙaramar tukunya mai kilo 6 kyauta ce da babu matar da za ta raina.

Akwai kyautar da ke ɗora wa mai karɓa nauyi. Ƙaton hoto mai firam, ko labule mai launin da ya yi faɗa da fentin ɗaki, dole a rataya don kada ka zo ka ga babu. Wasu gidajen ba sa rataya hoton abu mai rai sam. Turaren wuta da humra, waɗanda matan Chadi suka yi fice a haɗa su, kyauta ce mai daraja, amma a tambaya ko akwai mai asma, a kuma haɗa da faranti na ɗora kasko, don yawancin ƙunar da ake gani a sabuwar darduma daga nan take. Kaskon garwashi a ɗaki rufe lokacin sanyi kuwa kisa yake yi, ba a kwana da shi.

Wani nauyin shi ne na biki. Gudummawa a wurinmu ana rubutawa, ana kuma ramawa. In ka kai wa mai ƙaramin ƙarfi abin da ya fi ƙarfinsa a gaban jama'a, ka bar shi da tunanin ranar da naka zai taso. Mai hali da ke son taimako na gaskiya ya bari taro ya watse, ya aika a ambulan ko ta Orange Money ko Airtel Money, ya ce, "Hamma, wannan ba na rubutawa ba ne." Mara hali kuma kada ya ƙi zuwa don kunya. Hadisi ya hana maƙwabciya raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne. Kwanon shinkafar Yagwa, kwalbar man girki na Diamaor, albasar Marwa, sabulu da gishiri, duk abubuwa ne da wanda ya gama gini aljihunsa ya bushe yake bukata a makon farko.

Masu gidan ma da nasu kason. Ana gayyato dangi daga wani gari a manta da mutumin da katangarsa ke jingine da taku. A kai wa maƙwabta abincin walima, maigida ya je ya gai da jauro ko bulama, wato mai unguwa, da limamin masallaci tun kafin wata bukata ta kai shi.

Wanda ya rasa abin da zai kai, ya kai dashe: lemun tsami, zogale, mangwaro ko darbejiya irin wadda ta yi wa titunan Marwa inuwa. Sai dai a nan ma ana kuskure, a kawo shi a tsakiyar rani a dasa jikin katanga. A jira saukar damina wajen watan Yuni. Manyan itatuwa kamar darbejiya da mangwaro a nisanta su da bango da ramin masai da mita huɗu ko biyar saboda saiwa, a dasa su ta yamma da ɗaki inda ranar la'asar ke duka, a kewaye su da ƙaya ko tsohon kwando saboda awakin unguwa.