Yadda Mai Rubuta Manhaja Zai Zaɓi Littafi Ya Kuma Ci Moriyarsa

Da wuya ka duba wayar matashi mai rubuta manhaja a Abuja ka rasa tarin littattafan da abokai suka turo masa ta WhatsApp, yawancinsu ko shafin farko bai buɗe ba. Ga hanyar da na ga ta fi kai mutum gaci.

Da farko, zauna ka gano abin da ke ba ka ciwon kai a wurin aiki yanzu, shi zai zaɓa maka littafi. In sabon shiga ne kai, fara da The Pragmatic Programmer na Andrew Hunt da David Thomas, wanda ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2019. Shi ya yayata ƙa'idar nan ta kada ka rubuta abu ɗaya a wuri biyu. In kuwa gadon tsohuwar manhaja aka bar maka, mai ita ya yi gaba, kowa na tsoron taɓa ta, nemi Working Effectively with Legacy Code na Michael Feathers, 2004. A wurinsa, duk kod ɗin (wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) da ba a rubuta masa gwajin da ke duba ko yana aiki daidai ba tsohon kaya ne, ko da jiya aka rubuta shi, kuma yana nuna yadda za ka sa gwajin kafin ka fara gyara. Wanda rumbun bayanai ke wahalarwa, maganinsa Designing Data-Intensive Applications na Martin Kleppmann, 2017, sai dai yana da nauyi. Clean Code na Robert Martin ya yi suna, amma ni dai a ganina ya wuce gona da iri wajen daddatsa kod ƙanana-ƙanana, don haka karanta shi kana tacewa.

Na biyu, littafi ɗaya tak, sai ka gama. Mai tasowa daga Nyanya ko Kubwa kullum safiya, cunkoson hanya kaɗai ya ishe shi shafuka da dama, in ba shi ke tuƙi ba.

Na uku, duk babin da ka gama, buɗe kwamfuta a makon ka gwada abu guda daga cikinsa a aikin da ke hannunka. In ya ƙi, kai wa wanda ya girme ka a sana'ar ku tattauna.

Sai ka sako littafin da ya shafi mutane. Fred Brooks ya jagoranci aikin OS/360, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, a kamfanin IBM, ya rubuta The Mythical Man-Month a 1975. Ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara ƙara masa latti yake yi, domin sai tsofaffin sun bar aikinsu sun koyar da sababbin, ga yawan tuntuɓar juna. Misalinsa shi ne ciki wata tara ne, ko mata nawa aka tara. Ranar da oga ya ce a ɗauko mutum uku a gama kafin Juma'a, kana da abin faɗa masa cikin ladabi. Don tattara hankali kuma, akwai Deep Work na Cal Newport, 2016.

Batun kuɗi: da dala ake sayar da yawancinsu. Ku haɗa kuɗi a ofis ku sayi ɗaya ya riƙa zagayawa, ko ku fara da Software Engineering at Google, wanda ake karantawa kyauta a intanet.