Yadda mai ciwon sukari da ya taɓa ƙoda zai tsara abincinsa don kare zuciya

Idan likita ya ce ciwon sukari ya fara taɓa ƙoda, abin da yakan fara faɗo wa majinyaci a rai shi ne injin wankin ƙoda. Sai dai a cikin masu wannan larura, waɗanda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ke yi wa ajali sun fi waɗanda ke kai matakin wankin ƙodar yawa. Saboda haka duk tsarin abincin da za a yi, zuciya ce ya kamata a sa a gaba.

A fara da gishiri. Ƙodar da ta yi rauni ba ta iya fitar da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a jiki, jini ya hau, zuciya ta riƙa aikin da ya fi ƙarfinta. Ƙa'idojin 2022 na KDIGO, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ciwon ƙoda, sun ce kada sodiyam ya kai giram 2 a rana, wato gishiri giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan cokalin ya haɗa da gishirin da ke ɓoye a burodi, abincin gwangwani, naman da aka sarrafa da dunƙulen ɗanɗano. Idan an ga adadin sodiyam a jikin kwali, a ninka shi sau biyu da rabi, a nan ake sanin gishirin da ke ciki. Tafarnuwa, albasa, citta da lemun tsami suna cike gurbin ɗanɗanon, kuma harshe yakan saba cikin 'yan makonni.

Akwai tarko a nan. Gishirin da ake tallatawa da sunan mai ƙarancin sodiyam, galibi da wani sinadari mai suna fotasiyam ake haɗa shi, kuma ga mai raunin ƙoda, musamman wanda ke shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan, fotasiyam na iya taruwa a jini har ya rikita bugun zuciya. Kada a saye shi sai likita ya amince.

Wannan tsoron ne ke sa wasu su yanke ganye, wake da 'ya'yan itace gaba ɗaya, kuma a ganina kuskure ne babba, domin su ne abincin da ke taimakon jijiyoyin jini. Gwajin jini ne alƙali. Muddin fotasiyam yana daidai, a ci su. Idan ya haura, a rage ayaba, tumatir da ruwan lemu, dankali kuma a fere shi, a yanka ƙanana, a dafa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.

Furotin kuwa, wato sinadarin gina jiki, ana auna shi da nauyin jiki: giram 0.8 ga kowane kilo a rana ga wanda bai fara wankin ƙoda ba. Mai kilo 70 yana buƙatar giram 56, kuma ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Wanda ya fara wankin yana buƙatar fiye da haka, giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo. A fifita kifi, kaza da wake a kan jan nama, a yi girki da man zaitun ko wani man tsiro maimakon kitse, a zaɓi hatsin da ba a cire masa dusa ba.

Sinadarin fosfaras da kamfanoni ke zubawa a abinci jiki yana tsotse shi kusan duka, saɓanin na wake da hatsi, kuma idan ya yi yawa a jini yana sa jijiyoyi su ƙandare. A duba jerin kayan haɗi, a ajiye duk abin da ke da kalma mai ɗauke da harufan "phos". Baƙin lemun kwalba yana da shi, ga kuma sukari a kai.

Sannan kada a tsallake lokacin cin abinci. Ƙoda mai rauni tana jinkirin kawar da insulin daga jini, don haka allurar da a da take daidai tana iya faɗar da sukari yanzu. Wanda ya fara jin rawar jiki, gumi ko jiri bayan ya sauya abinci, ya auna sukarinsa nan take, ya kuma sanar da likita domin a sake duba yawan maganin.