Yadda za ka tsallake kalkulas na aji ɗaya ba tare da kari-oba ba

Ɗalibin kimiyya ko injiniya, ko a ATBU ta Bauchi yake, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ba shi da makawa sai ya gamu da kalkulas tun a aji ɗaya. A CCMAS, wato manhajar karatu ta hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC), sunansa MTH 102, yunit 2 ne, ana yin sa a zango na biyu bayan MTH 101. Duk da haka ka duba littafin sashenku, don lambar kos takan bambanta.

Makin kashi biyu ne: 30 ko 40 na tes da aikin gida, ragowar na jarrabawa. Ƙasa da 40 F ce, wato kari-oba, sai ka sake kos ɗin, A kuwa daga 70 take farawa. Ƙa'ida kuma sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ka zauna jarrabawa. Wanda ya shiga da 25 a hannu, 15 kacal yake nema ya tsira.

Ana farawa da fankshan da zanen giraf, sai limit, wato adadin da fankshan yake dosa, sai difarenshiyeshan, wato auna saurin canji, a rufe da intigireshan, wato kishiyar difarenshiyeshan, da lissafin faɗi da girma.

Yawancin masu faɗuwa, raunin aljabara ne yake kayar da su. Ɗauki limit ɗin (x² − 4)/(x − 2) idan x ya doshi 2. Kana cusa 2 kai tsaye za ka ga 0/0, a nan wasu suke ajiye biro. Alhali warware saman kawai ake so zuwa (x − 2)(x + 2), ka soke (x − 2) sama da ƙasa, amsa ta fito 4. Aikin sakandare ne tsantsa. Don haka makon farko ka koma kan fakta, indisis, logaridim da tirigonometiri, ko da kana ganin ka wuce wurin.

Sai kuma fankshan cikin fankshan. A difarenshiyeshan ɗin (3x + 1)⁵ da yawa sukan rubuta 5(3x + 1)⁴ su tashi, sun manta su ninka da 3 ɗin da ke ciki. Amsar 15(3x + 1)⁴ ce. Kalkuleta ma takan ci amana: dokar difarenshiyeshan da ta ce sin x ya koma cos x a radiyan take aiki, ita kuwa na'urar galibi a digiri take zuwa. Duba fuskarta kafin ka danna komai.

A intigireshan marar iyaka kar ka bar + C, malamai suna yanke maki a kanta. Kuma ka gwada amsarka ta hanyar mayar da ita baya: in ka ce x² ya ba da x³/3, yi masa difarenshiyeshan ka ga ko x² zai dawo.

Kallon malami yana warwarewa a allo yaudara ce, komai sai ya zama kamar ka gane. Rufe littafi ka yi tambaya biyar kullum da hannunka, ka rubuta kowane mataki, don ana ba hanya maki ko amsa ta kuskure. Wadda ta gagare ka, kai ta tutoriyal a makon, tun kafin a ɗora wani darasi a kanta.