Yadda za ka ɗauki dattijo a Adaidaita Sahu, ka sauke shi lafiya

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, tsofaffi suka dawo hannunmu, mu 'yan Adaidaita Sahu. Asibiti, ɗaurin aure, karɓar fansho, duk mu ne. Abin da na lura shi ne, ba a cikin tafiya aka fi jin ciwo ba, sai wajen hawa da sauka da tsallaka titi.

In dattijo ya tsayar da kai, matso gefe sosai ka tsaya cak, amma ban da bakin kwalbati. Karɓi sandarsa tukuna. Roƙi matashin da ke gefen dama ya matsa ciki, don Baba ya samu ƙarfen riƙewa, ya kuma sauka ba tare da ya tsallake kowa ba. Kada ka ɗora shi a gaba kusa da kai, ko da shi ya nema. Kafin ka ja, waiwaya ka duba: bakin babbar riga ko mayafin Hajiya na iya reto kusa da taya. Na baya za su dame ka da ham, rabu da su. Ni dai cewa nake yi, "Baba, a hankali, ba sauri muke ba."

Sauka ita ce babbar magana. Tambaye shi ɓangaren da gidan yake, ka juya ka ajiye shi can, ko da zai ci maka ɗan mai. Kada ka ce ai ga gadar sama nan. Mai ciwon gwiwa ba zai hau wannan matakala ba, ƙasa zai bi.

In tsallakawar ta zama dole, fito ka raka shi. Tsaya ta ɓangaren da motoci ke tahowa, shi ya riƙe damtsenka, kada ka ja shi. Tun 1972 hannun dama ake tuƙi a Najeriya, don haka hagu za ku fara dubawa. Ku duba dama kuma, saboda masu bin hannun da ba nasu ba, waɗanda, abin kunya, galibinsu 'yan uwanmu ne.

Bayan magariba, ko lokacin hazo, mai yanar ido fitilar mota kashe masa gani take yi, ba ya iya auna nisanta. Kunna tocilar wayarka ka ɗaga hannu. In tsautsayi ya faɗa, lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa 122 ce. Kada a ciccibi wanda ya bugu a wuya ko a baya kafin su iso.